Tambarin i7 Ba Shi Ne Ƙarfi Ba: Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Kwamfuta a Abuja

Duk wanda ya taɓa shiga Banex Plaza da ke kan titin Aminu Kano a Wuse II da niyyar sayen kwamfuta ya san yadda ciniki ke farawa. Kafin mai saye ya gama gaisuwa, an ɗaga murfin laftof, an nuna masa ɗan tambarin nan mai sheƙi da ke manne kusa da kibod, an ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan i7 ce." Haka abin yake a Emab Plaza, haka yake a shagunan kwamfuta na Wuse Zone 3. Masu saye da yawa a nan suke sallamawa, domin an daɗe da cusa musu cewa i7 ta fi i5, i5 kuma ta fi i3, shi ke nan.

Maganar ta wuce haka. Akwai i7-6600U da ke cikin laftof ɗin ofis da yawa na wajajen 2016, wadda cibiyoyin lissafi biyu kacal gare ta. Akwai kuma i5-8250U da ta fito a 2017 da cibiyoyi huɗu, kuma idan aka ɗora wa su biyun aiki mai nauyi, i5 ɗin ta fi i7 ɗin ƙarfi da sama da rabi. Wanda ya biya kuɗin tambari ya koma gida da wadda ta fi rauni.

Sanin irin wannan bambanci ya ƙara daraja tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023. Dalar da ake canzawa a kan naira 460 da 'yan kai a hukumance ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, alhali kusan duk abin da ke cikin kwamfuta da dala ake shigo da shi. Buƙata kuma ba ta ragu ba. Hukumar JAMB mai hedikwata a Bwari tun 2015 da kwamfuta kaɗai take shirya jarrabawar shiga jami'a. Ɗaliban Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ke Jabi, a intanet suke yin galibin karatunsu. Ga matasan da ke koyon haɗa manhaja a ƙarƙashin shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ga masu shagon buga takardu a Kubwa da Nyanya da Lugbe, ga masu tace bidiyon biki. Kowannensu yana da tsohuwar na'ura da ta fara jan ƙafa, kuma tambayarsu ɗaya ce: a gyara ta ko a canza ta, idan gyara ne kuma, a ina za a zuba kuɗin?

A fara gano inda ciwon yake

A kwatanta kwamfuta da shagon ɗinki. Furosesa ita ce telolin da ke aiki, kowace cibiyar lissafi tela guda. RAM shi ne teburin da ake shimfiɗa yadi a yanka. Faifan ajiya kuwa shi ne sito inda ake jibge yadudduka. Idan siton yana can bayan layi, yaron shago kuma da ƙafa yake zuwa ɗauko kowane yadi, ko an ɗauko ƙwararrun teloli takwas zama za su yi suna jira. Idan teburin ne ƙarami, kullum sai an naɗe wani aiki kafin a shimfiɗa wani. A mafi yawan tsofaffin kwamfutocin gida, telolin lafiyarsu ƙalau, sito da tebur ne ke riƙe su.

Tabbatar da haka ba ya buƙatar ko sisi. A kunna kwamfutar, a buɗe ayyukan da aka saba yi da ita, sannan a danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Task Manager zai buɗe, kuma a shafinsa na Performance akwai ma'auni uku da za a sa wa ido. Idan na faifai ya maƙale a kashi 100 alhali na furosesa yana yawo a kashi 20 ko 30, faifan ne matsala. Idan RAM ya cika ya kusa bakinsa da an buɗe shafukan Chrome kaɗan da Word, tebur ne ya yi kaɗan. Sai idan furosesa ce ke tsayawa a kashi 100 na tsawon lokaci, sauran biyun kuma suna hutawa, sannan maganar canza ta ta taso.

A wannan shafin ne kuma ake ganin cikakken sunan furosesar da adadin cibiyoyinta. A rubuta shi a takarda kafin a nufi kasuwa.

Gyara uku da ke gaban furosesa

Na farko shi ne faifai. Tsohon faifai, wanda ake kira HDD, faranti ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke kai-komo tana neman bayani. A mafi kyawun hali yakan karanta megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa. SSD ba shi da abin da ke motsi a cikinsa. Mai shiga ramin SATA, wato ramin da tsohon faifan yake ciki, yakan kai megabait 550 a daƙiƙa, nau'in NVMe kuwa da ke shiga ramin M.2 yana haura 3,000. Amma inda bambancin ya fi fitowa shi ne wajen tsinto ƙananan fayiloli barkatai, aikin da Windows ke yi tun daga kunnawa har kashewa. Kwamfutar da mai ita ke kunnawa ya tafi ya yi alwala ya dawo ba ta gama tashi ba, da an sa mata SSD sai ta tashi kafin ya gyara zama. Mai gigabait 256 ya wadatar da Windows da manhajojin ofis, mai 512 ya fi sakewa.

SSD yana da wata fa'ida da masu lissafin kuɗi ya kamata su riƙe: yana bin mai shi. Ranar da aka sayi wata kwamfutar, cire shi za a yi a mayar can.

Na biyu shi ne RAM. Gigabait 4 ya yi kaɗan ga burauzar zamani. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da zai bari a yi aiki ba tare da ɓacin rai ba, 16 kuwa na mai tace hoto da bidiyo ne ko mai koyon haɗa manhaja. Sai dai ba kowane RAM ke shiga kowace na'ura ba. Kwamfutocin Intel na zubi (wato jen) na biyu zuwa na huɗu DDR3 suke ci, daga zubi na shida galibi DDR4 ne, kuma tsagar da ke ƙasan kowanne daban take, ba ya shiga ramin ɗan'uwansa. Na laftof gajere ne, na kwamfutar tebur dogo. Sanduna biyu masu girma ɗaya sun fi sanda guda sauri, musamman a na'urar da ba ta da katin hoto na daban. Wanda kuma Windows ɗinsa mai bit 32 ne, ko ya sa gigabait 16 ba zai mori fiye da 4 ba sai an sake loda masa mai bit 64. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke wawure abin da masana'antu ke fitarwa, don haka a sayi daidai buƙata.

Na uku shi ne shara. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe Abuja daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga ta kowace kafa. Idan mai gyara ya kwance bayan laftof ɗin da ta shekara uku ba a buɗe ta ba, abin da yakan tarar tsakanin fanka da ƙarafunan fitar da zafi wani dunƙulen ƙura ne da ya daskare, ana ɗago shi da tsinke guda ɗaya. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta kuma ya bushe ya farfashe. Furosesar da ta yi zafi ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma a zafin Maris da Afrilu hakan ba ya ɗaukar lokaci. A busa ƙurar, a goge tsohon man a shafa sabo, a canza ɗan batirin agogo mai lamba CR2032 idan kwanan wata yana rikicewa. Na'urori da yawa da aka yanke wa hukuncin tsufa, wanka kawai suke nema.

Yadda ake karanta suna

Idan an yi waɗannan uku har yanzu furosesa ce ke gazawa, sai a koma kan sunanta. A sunan Intel irin i5-8500, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, abin da 'yan kasuwa ke kira "jen". Ke nan i5-8500 zubi na takwas ce, i7-3770 zubi na uku. Daga zubi na goma, lambobi biyun farko ake dubawa, kamar i3-10100 ko i3-12100. Zubi na biyu ya fito a 2011, na uku a 2012, na huɗu a 2013, na shida a 2015, na takwas a 2017, na sha biyu kuma a ƙarshen 2021. Wanda ya ce "i5 ce" bai faɗi zubi ba, bai gaya wa mai saye komai ba, domin tsakanin i5 ta 2011 da ta 2021 akwai shekara goma.

Harafin ƙarshe ma yana da nasa bayanin. U na laftof ne mai tsimin batir, H na laftof mai ƙarfi da cin wuta. T na ƙananan kwamfutocin tebur ne masu ƙarancin zafi. K na masu son ƙara wa furosesa gudu ne da hannu, wanda ba ya amfanar kowa a cikin akwatin Dell ko HP na ofis. F kuwa na nufin furosesar ba ta fitar da hoto da kanta, dole sai an sayi katin hoto daban. Wannan tarkon yana nan a furosesoshin AMD ma: Ryzen 5 5600G tana fitar da hoto, Ryzen 5 5600 da 3600 ba sa yi. Wanda ya sayi marar G ba shi da kati, baƙin allo zai gani.

Adadin GHz da ake rubutawa da manyan haruffa shi ma yana ruɗar mutane. Tun 2004 Intel ta fitar da Pentium 4 mai gudun GHz 3.8. A 2006 Core 2 Duo E6600 mai GHz 2.4 kacal ta zo ta kayar da ita warwas, tana kuma cin wuta ƙasa da ita, saboda a kowane bugu tana gama aikin da ya fi yawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ana kwatanta GHz ne tsakanin furosesa biyu 'yan zubi ɗaya kawai.

Shekarar 2017 ce ta raba tsohon zamani da sabo. Shekaru da dama kafin nan Intel na sayar da i5 da i7 na tebur masu cibiyoyi huɗu, kowace shekara ta ɗan ƙara abin da bai taka kara ya karya ba. A watan Maris na 2017 AMD ta fito da Ryzen, wata guda bayan nan kuma ta kawo Ryzen 5 1600 mai cibiyoyi shida a kan dala 219. Kafin shekarar ta ƙare Intel ta mayar da martani da zubi na takwas: i3-8100 ta samu cibiyoyi huɗu a kan dala 117, i5-8400 ta samu shida a kan dala 182. Cikin dare ɗaya sabuwar i3 ta kamo tsohuwar i5.

Naira nawa, aiki nawa

Hanyar da ta fi sauƙi ta auna ƙarfi ita ce duba makin da manhajojin gwaji ke bayarwa, irin su PassMark da Cinebench da Geekbench, waɗanda ake iya dubawa kyauta a waya ana tsaye a gaban shago. Makin yana ɗan motsawa da lokaci, amma tazarar da ke tsakani ba ta canzawa. A PassMark, Core 2 Duo E8400 tana samun maki 1,200 ko kusa da haka. i3-3220 tana wajajen 2,200, i5-3470 wajajen 4,700, i7-3770 wajajen 6,400. i7-4770 tana kusan 7,000, i5-8500 tana haura 9,000, i3-12100 tana kusan 13,000. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 3600 ta haura 17,000, Ryzen 5 5600 kuma ta haura 21,000.

A raba makin da farashin da mai shago ya faɗa, sai a ga maki nawa kowace naira dubu ke sayowa. Wannan ɗan lissafi yana tona abubuwa biyu.

Na ɗaya, riba tana wajen tashi daga ƙasa zuwa tsakiya. Mai i3-3220 da ya koma i5-3470 ya ninka ƙarfinsa, kuma i5 na wancan zubin sun yi yawa a kasuwar kayan hannu saboda su ne ofisoshin Turai da Amurka suka fi saye. Amma mai i5-3470 da ya koma i7-3770 ƙarin da zai samu kaɗan ya haura kashi ɗaya cikin uku, shi ma sai a aikin da ke amfani da duk cibiyoyin a lokaci guda. Wajen buɗe Word ko shiga intanet da wuya ya ji bambanci. Ga shi kuma farashin furosesar da ta fi kowace a zubinta ba ya sauka da wuri, domin duk mai kwamfutar wannan zubin ita yake nema. Idan aka sa wa i7 ɗin kuɗi ninki biyu ko uku na i5 ɗin, lissafin ya riga ya faɗi.

Na biyu, sabuwar ƙarama takan kamo tsohuwar babba. i7-7700 ta fito a watan Janairun 2017 a kan dala 303, da cibiyoyi huɗu masu ɗaukar layin aiki takwas. A 2020 i3-10100 ta fito a kan dala 122 da cibiyoyi huɗu da layin aiki takwas, makinsu kuma kusan kunnen doki ne. A farkon 2022 i3-12100 ta zo a kan wannan dala 122 ɗin ta wuce su duka biyun.

Akwai maki iri biyu a waɗannan gwaje-gwaje, na cibiya guda da na dukkan cibiyoyi. Mai aikin ofis da ɗalibi su duba na cibiya guda, domin shi ke sa na'ura ta amsa da sauri. Mai tace bidiyo ya duba na duka. Ya kuma sani cewa furosesoshin Intel daga zubi na bakwai suna da sashe na musamman da ke warware bidiyon HEVC irin wanda wayoyin zamani ke ɗauka, abin da tsofaffin zubi ke yi da kyar fanka na ihu.

Ba kowace ke zama a kowane mazauni ba

A laftof maganar gajeriya ce. Daga zubi na biyar zuwa yau furosesar laftof like take da babban allon cikin na'urar da dalma, ba a cire ta. Gyaran laftof ya tsaya ga SSD da RAM da batir da shara, a wasu sirara ma RAM ɗin a like yake.

A kwamfutar tebur furosesa tana zama ne a kan soket da ke jikin babban allo, wanda masu gyara ke kira bod, kuma Intel ta saba canza soket bayan kowane zubi biyu. LGA1155 na zubi na biyu da na uku ne, LGA1150 na huɗu da na biyar, LGA1200 na goma da sha ɗaya, LGA1700 na sha biyu zuwa sha huɗu. LGA1151 ne ya fi cin mutane: zubi na shida zuwa na tara duk wannan sunan soket ɗinsu yake ɗauke da shi, furosesar zubi na takwas ma za ta zauna daram a allon zubi na shida, amma na'urar ba za ta tashi ba. Haka Dell OptiPlex 790 da 990, duk da soket ɗinsu LGA1155 ne, ba sa karɓar zubi na uku.

AMD ta bi wata hanyar. Soket ɗinta na AM4 ya fito a 2016, kuma har a 2024 tana fitar masa da sababbin furosesoshi. A 2022 ta buɗe wa tsofaffin alluna na 2017 irin su A320 da B350 damar ɗaukar Ryzen 5000 bayan sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon kansa. Wanda ya haɗa kwamfuta da Ryzen 5 1600 a wancan lokaci zai iya ɗora 5600 a kan allonsa da RAM ɗinsa, ya samu ƙarin ƙarfi na kusan kashi 70 cikin 100. A duk harkar canjin furosesa, da wuya a samu cinikin da ya fi wannan. Sharaɗin shi ne a sabunta BIOS tun tsohuwar furosesar tana ciki, a kan UPS ko inbata, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin allon na iya mutuwa.

Katangar da Microsoft ta gina

A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a bisa tsarin da aka saba. Kwamfutar ba ta daina aiki ba, amma facin tsaro na wata-wata ya tsaya, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda aka tsara na masu amfanin gida ya ƙare ranar 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 kuwa a hukumance yana neman Intel zubi na takwas zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Masu gyara sun san dabarun loda shi a kan tsofaffin na'urori, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan sabuntawa ba.

Wannan ya sa duk nairar da aka zuba a furosesar zubi na bakwai zuwa ƙasa ta zama kuɗin da zai mutu tare da allon. Kafin a sayi i7-4770, a tambayi farashin cikakkiyar kwamfutar ofis ta hannu mai zubi na takwas, irin su Dell OptiPlex 7060, HP EliteDesk 800 G4 ko Lenovo ThinkCentre M720. A cire kuɗin da za a samu idan aka sayar da tsohuwar, a tuna cewa SSD da allon kallo da kibod duk za su koma can. Sau da yawa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Wanda aikinsa bai wuce intanet da rubutu da kallon darasi ba yana da wata ƙofar. Linux Mint da ChromeOS Flex kyauta ne, suna samun facin tsaro, kuma suna gudu sumul a na'urar da ta haura shekara goma muddin tana da SSD.

Lissafin wuta

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya dawo naira 200 da 'yan kai. Magidantan da ke kan irin wannan layi na kamfanin wuta na AEDC sun koyi duba abin da kowace na'ura ke ci. An ƙera i7-4770 a kan ma'aunin wat 84, i5-8500 a kan 65, i5-8500T a kan 35, furosesar laftof mai U kuma a kan 15. Ba kullum suke cin hakan ba, amma tazarar gaskiya ce. A ce wata na'ura ta fi wata cin wuta da wat 50 kuma tana aiki awa takwas a rana: yunit 12 ke nan a wata, kusan naira 2,500 a wancan farashin. Ga mai shagon buga takardu da ke da na'ura biyar, ko mai ɗan ƙaramin inbata da sola da ke son batir ya kai shi dare, wannan na iya fin bambancin farashin saye kafin shekara ta zagayo.

A gaban kanta

Yawancin waɗannan kwamfutoci ta tashoshin jiragen ruwa na Legas suke shigowa, su bi ta Computer Village da ke Ikeja kafin su iso Abuja. Wani binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinta a Najeriya ya ƙiyasta cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Don haka ba a cinikin biri a sama.

A sa mai shago ya kunna na'urar. A buɗe CPU-Z, wadda ke karanto sunan furosesa daga jikinta, domin tambarin da ke manne a waje ana iya ɓare shi a liƙa wani. A buɗe CrystalDiskInfo a ga lafiyar faifan da yawan awannin da ya yi yana aiki. Idan laftof ce, a rubuta powercfg /batteryreport a cikin Command Prompt, zai nuna abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa yanzu. A tabbatar BIOS ba shi da kalmar sirrin wani tsohon kamfani. Idan furosesa ce kaɗai za a saya, a zo da kwamfutar a ɗora a gaban mai ita, a bar ta da aiki mai nauyi na wasu mintuna ana duba zafinta. SSD ɗin da farashinsa ya yi arha fiye da hankali a yi masa kallon tuhuma, domin akwai jabu da ke nuna girman da ba su da shi. A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da adadin kwanakin garanti a rubuce.

Tsohon faifan da aka cire kuma kada a bar shi a shago ko a miƙa wa 'yan jari-bola. A cikinsa akwai hotunan iyali, kwafin takardun makaranta, takardar NIN da bayanan banki, kuma gogewa ta yau da kullum ba ta hana mai manhajar dawo da fayiloli ganinsu. Ana sayar da ɗan akwati mai wayar USB a shagunan da ke sayar da SSD. Idan aka zura faifan a ciki ya zama ma'ajiyar waje, inda za a riƙa kwafe muhimman takardu daga sabon faifan sau ɗaya a wata.